WA YA JE YA GANI? TARIHIN MASU AWON WUTAR TAURARI



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne wata gardama da ta kaure a wajen taronmu na bara, bayan an ci abinci ana shan iska a gindin darbejiya. Ina cikin ba da labari cewa baƙin ƙarfen da ke cikin jininmu a cikin taurari aka ƙera shi, kuma fashewar tauraro ce ta watso shi cikin sarari tun kafin a yi duniyar nan, sai wani ɗan ajinmu, wanda ba sai na faɗi sunansa ba domin duk kun san shi da tsokana tun muna aji ɗaya, ya katse ni ya ce, "Malam, wa ya je ya gani?" Aka kwashe da dariya. Na yi ta kame-kame har aka kira mu ɗaukar hoto, magana ta watse. Na koma gida abin yana cina, domin tambayarsa tana kan hanya, kuma mutumin da ya shekara talatin da ɗoriya yana koyar da fiziks bai kamata ta kayar da shi ba. To ɗan'uwa, ga amsarka, sai dai ka yi haƙuri da tsawonta.

Babu wanda ya je. Ƙirgawa aka yi, kuma ana kan yi.

Kafin in shiga tarihin bari in tona wa kaina asiri. Muna aji uku malaminmu na fiziks, Allah ya jiƙansa, ya sa mu awon lilo, wato a rataye ɗan ƙarfe da zare a ƙirga kai-da-kawowarsa da agogo. Ni kuwa na riga na ga amsar a littafi, 9.8, saboda haka na ƙaga lambobin da za su kai ni can na cika takarda. Ya duba ya ce awona ya yi kyau fiye da yadda hannun ɗan Adam da tsohon agogo za su iya. Ya tsare ni bayan tashi, na ƙirga lilo hamsin-hamsin har sau goma, na samu amsa mai ɗan karkata, ita ce kuwa ya karɓa. Duk mutanen da zan ambata nan gaba wannan aiki suka yi, sai dai nasu lilon cibiyar ƙwayar zarra ce.

Kun tuna cewa kowace ƙwayar zarra tana da cibiya, kuma a cikin cibiyar akwai firoton da niyutiron. Yawan firoton shi ke bambanta sinadari da sinadari: haidirojin yana da 1, hiliyam 2, kabon 6, oksijin 8, baƙin ƙarfe 26. Cibiyoyi ba sa son kusantar juna domin caji iri ɗaya gare su, amma in zafi ya kai, sukan yi karo su haɗe, a samu sabon sinadari, wuta ta fito. Wannan wuta ce ke riƙe tauraro kada nauyinsa ya rufta da shi. Muhimmiyar tambaya ita ce: cikin karo nawa ake samun haɗuwa ɗaya? Wannan lamba, wadda zan riƙa kira saurin haɗuwa, ita ke yanke tsawon ran tauraro, da irin tokar da zai bari, da yadda zai mutu. Na'urar hangen nesa ba ta ba da ita. Sai an haɗa cibiyoyin a nan ƙasa an ƙirga.

Farkon masu ƙirgar da ido suka yi. A 1919 Ernest Rutherford, a Manchesta ta Ingila, ya harbi iskar naitirojin da cibiyoyin hiliyam, ya ga firoton na fitowa. Yadda ake gani kuwa shi ne a zauna a ɗaki mai duhu har ido ya saba, sa'an nan a leƙa madubin ƙara girma ana kallon wani ɗan allo da aka shafa wa sinadari, duk ƙwayar da ta faɗa masa sai ya yi ɗan walƙiya. Mutum ya ƙirga na minti guda ya huta, domin ido yana gajiya ya fara ganin abin da babu. Sai a 1928 Geiger da Müller suka kyautata bututun nan mai yin ƙas-ƙas wanda muka gani a hoto a littafinmu, aka sauƙaƙa wa ido.

Shekara ɗaya bayan aikin Rutherford, wato 1920, Arthur Eddington na Kambirij ya ce mai yiwuwa rana haidirojin take mayarwa hiliyam. Aka ce masa ai zafin cikin rana bai isa ba, kuma bisa lissafin wancan lokaci masu sukar suna da gaskiya. George Gamow ne ya warware a 1928, da ya nuna cewa ƙwaya takan ratsa katangar da ba ta da ƙarfin tsallakewa, amma sau ɗaya cikin ɗimbin gwaji. A 1939 Hans Bethe ya jera haɗuwar da ke ba taurari wuta daki-daki. Duk wannan a takarda ne. Na'urar da za ta gwada shi kuwa ta riga ta samu tun 1932, sa'ad da Cockcroft da Walton suka gina abin da zan kira majajjawa, wato na'urar da ke amfani da lantarki mai ƙarfi ta cilla firoton da gudu ya bugi abin da aka kafa masa.

Daga nan labari ya koma Pasadena ta jihar Kalifoniya a Amurka, inda jami'ar Caltech take da wani ɗakin gwaje-gwaje mai suna Kellogg. Sunan na attajirin nan ne mai kamfanin abincin karin kumallo na masara, wanda ya ba da kuɗin ginin a 1931 don a yi maganin ciwon daji da hasken eksire. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da kowa ke rububin gina manyan majajjawa, shugaban wurin Charles Lauritsen da almajirinsa William Fowler suka zaɓi akasin haka. Suka ce su za su tsaya a ƙaramin ƙarfi, irin wanda cibiyoyi ke karo da shi a cikin taurari. A ganina wannan shawara ita ce mafarin fannin baki ɗaya.

A farkon 1953 wani Bature ɗan Ingila mai suna Fred Hoyle ya shigo musu da wata magana mai kama da tatsuniya. Matsalar da ke damunsa ita ce kabon. In tauraro ya cinye haidirojinsa sai ya koma ƙona hiliyam. Hiliyam biyu in sun haɗu sukan ba da beriliyam-8, wanda ke wargajewa nan take, cikin wani ɗan lokaci da ƙiftawar ido ta fi shi tsawo sau biliyoyi. Edwin Salpeter ya riga ya nuna a 1952 cewa a cikin wannan ɗan lokaci hiliyam na uku zai iya faɗowa a samu kabon. Da Hoyle ya buga lissafi sai ya ga kabon ɗin da za a samu ta haka bai taka kara ya karya ba, alhali ga kabon ko'ina, a itace, a gawayi, a jikinsa shi kansa. Sai ya ce lalle cibiyar kabon tana da wani mataki na ƙarfi, kamar matakin tsani, daidai inda beriliyam da hiliyam za su taka su hau cikin sauƙi, ya ma faɗi wurin: kusa da miliyan 7.68 na ma'aunin elektiron-bolt. Fowler bai gaskata ba da farko. An taɓa ganin alamar wani mataki a wajen a wasu awo na baya, amma an yi shakkarsa an ajiye. Wani matashi a wurin, Ward Whaling, ya ce shi da mutanensa za su duba.

Ga yadda suka yi. Suka harbi naitirojin-14 da cibiyoyin haidirojin mai nauyi. Kowace haɗuwa tana barin kabon, tana tofo cibiyar hiliyam. In kabon ɗin ya tsaya a wani mataki na sama, to hiliyam ɗin da ya fito zai rasa daidai wannan ƙarfi. Suka bi da ƙwayoyin ta cikin wani babban maganaɗisu wanda ke karkatar da mai gudu kaɗan, marar gudu da yawa, kamar yadda iska ke raba tsaba da ƙaiƙayi in ana shiƙa, suka sa na'urar ƙirga a ɗaya bakin. Sai ga ɗan tarin ƙwayoyi a inda Hoyle ya ce. Awon yau ya ajiye shi a 7.65. Daga baya aka auna wani abu da ya fi ba ni mamaki: cikin kowace cibiya 10,000 da ta hau wannan mataki, kusan 4 kaɗai ke saukowa su zama kabon mai zama, sauran sukan wargaje su koma hiliyam. Daga waɗannan huɗun aka yi kabon ɗin da ke jikinmu.

A 1957 Fowler da Hoyle da wasu mata da miji, Margaret da Geoffrey Burbidge, suka fitar da doguwar maƙala mai bayyana yadda taurari ke ƙera sinadarai tun daga kabon har yuraniyam. A shekarar kuma Alastair Cameron a Kanada ya kai ga kusan abu ɗaya shi kaɗai. A nan ne fashewar taurari ta shigo sosai, domin tauraro mai nauyi yakan ƙona toka bayan toka har cikinsa ya zama baƙin ƙarfe, wanda ba ya ba da wuta in an haɗa shi. Daga nan ciki ya rufta cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, sauran jiki ya tarwatse. Wannan shi ake kira sufanoba. Mutane sun daɗe suna ganinta ba su san ko mece ce ba. Ali ibn Ridwan, likitan Masar, ya rubuta labarin wadda ya gani a 1006, ya ce ta ninka Gamzaki girma sau biyu da rabi ko uku.

To amma manyan nan huɗu sun yi tuntuɓe a wuri guda, kuma ina son tuntuɓen domin darasi ne. An lura cewa hasken wasu sufanoba yana raguwa da rabi kusan kowane kwana 55. An kuma samu wani sinadari, kalifoniyam-254, a cikin tarkacen bom ɗin haidirojin da Amurka ta gwada a tekun Fasifik a 1952, wanda rabinsa ke ruɓewa a kusan wannan adadin kwanaki. Lamba ta yi daidai da lamba, sai suka ce shi ne ke haskaka fashewar. Ashe dacewa ce kawai. A 1969 Colgate da McKee suka nuna cewa abin da fashewa ke ƙerawa da yawa shi ne nikel-56, wanda rabinsa ke komawa kobal-56 cikin kwana 6, shi kuma kobal ɗin rabinsa ya koma baƙin ƙarfe cikin kwana 77. Aka zauna jiran tauraron da zai fashe kusa don a raba gardama. Rabon da a ga irinsa da ido tun 1604.

'Yan ajinmu, ina kuke ranar Litinin 23 ga Fabrairu 1987 da ƙarfe 8:35 na safe? Ni na sani: muna aji huɗu, an gama taron safe an shiga darasin farko. A wannan minti wasu ƙwayoyi da ake kira nitirino suka ratsa duniya, suka ratsa ajinmu da allo da malamin da ke gaban allo, biliyoyi a kowane wuri mai faɗin farcen yatsa, babu wanda ya ji ko ƙaiƙayi. Sun taso ne daga wani tauraro mai nauyin rana kusan 20 da ya rufta a wani garken taurari da ake kira Babban Gajimaren Magellan, tafiyar haske ta shekara 168,000 daga nan. Nitirino ƙwaya ce da kusan ba ruwanta da kowa, tana iya ratsa duniya sukutum ba ta taɓa komai ba, amma ita ke kwashe kashi 99 cikin ɗari na ƙarfin irin wannan fashewa.

A Japan, a cikin wani ramin haƙar ma'adinai na Kamioka mai zurfin mita 1,000, akwai wani tanki mai tan 3,000 na tsabtataccen ruwa, an kewaye cikinsa da idanun lantarki kusan 1,000. An gina shi ne don neman wani abu daban, wato ruɓewar firoton, wadda bai gani ba. A wannan safiya ya ga walƙiya 11 cikin daƙiƙa 13. Wani tanki irinsa a ramin gishiri a jihar Ohayo ta Amurka ya ga 8, wata na'ura a Baksan ta Tarayyar Sobiyet ta wancan lokaci ta ga 5. Duka-duka ashirin da 'yan kai. Babu ma wanda ya sani a lokacin, sai bayan kwanaki da aka koma aka duba faifan da na'urorin ke naɗa. Hasken kuwa sai bayan sa'o'i ya kunno, Ian Shelton da Oscar Duhalde suka gan shi daga wani dutse a ƙasar Chile daren 24 ga wata. Daga wajenmu tauraron ba ya ɗagowa sama da digiri 9 daga ƙasa ta kudu, ga kuma hazon hunturu, saboda haka kada kowa ya zo taro mai zuwa ya ce mini ya gan shi. Masatoshi Koshiba, shugaban aikin Kamioka, saura wata guda ya yi ritaya abin ya faru. Ya samu lambar Nobel a 2002.

Bayan 'yan watanni hasken tauraron ya shiga raguwa daidai da ruɓewar kobal-56, wani kumbo mai kewaya duniya kuma ya kama hasken gama mai tambarin kobal ɗin kansa. Daga yawan hasken aka lissafa cewa fashewar ta ƙera nikel mai nauyin kashi 7 cikin ɗari na nauyin rana, wanda yanzu duk ya zama baƙin ƙarfe. Ɗan'uwa mai tambaya, nan ne aka fi kusa da zuwa a gani.

Sai dai wanda ya ga toka bai ga yadda itace ya ci ba. Don a san dalilin da ya sa aka samu wannan adadi ba ninkinsa ba, dole a koma ga saurin haɗuwa, kuma a nan masu awo suka ci karo da wahala iri biyu masu saɓa wa juna.

Ta farko ta fashewa ce ita kanta. A cikin rana abubuwa a hankali suke tafiya, cibiya mai gajeren rai takan ruɓe kafin wani ya same ta. A cikin fashewa kuwa zafi yakan kai digiri miliyan ɗaruruwa har biliyoyi, komai ya ƙare cikin daƙiƙoƙi ko mintoci, saboda haka cibiyar da ranta bai wuce minti ba ma takan samu abokin karo kafin ta mutu. Haka abin yake a noba, wato sa'ad da wani ƙaramin tauraro da ya mutu ya zuƙo haidirojin daga maƙwabcinsa har ya kama wuta a bayansa, haka kuma a bayan tauraron niyutiron, inda irin wannan wuta ke tashi ta lafa ta sake tashi bayan 'yan sa'o'i. To yaya za ka kafa abin da ba ya kai minti goma ka yi ta harbinsa na mako biyu? Dabarar da aka yi ita ce a juya bindigar. In ba za ka iya kafa gwangwani ka jefe shi da dutse ba, sai ka kafa dutsen ka jefe shi da gwangwani, ƙarar dai ɗaya ce. Mutanen Louvain-la-Neuve a Beljiyam ne suka fara cin nasara. Suka haɗa majajjawa biyu: ta farko tana ƙera naitirojin-13, mai rabin rai na minti 10, ta biyu tana ɗaukarsa da zafinsa ta cilla shi kan wata 'yar leda mai cike da haidirojin, na'urorin jamaniyam kuma suna gefe suna ƙirga hasken gama da ke fita duk sa'ad da aka samu oksijin-14. Sun buga sakamakon a 1991, shi ne karo na farko da aka auna haɗuwar fashewar tauraro kai tsaye da cibiya mai gajeren rai.

Daga nan abin ya yaɗu. A Vancouver ta Kanada aka gina wata na'ura mai suna DRAGON, tsawonta mita 21, aikinta tsince. Cibiyoyi biliyoyi ne ke ratsa iskar haidirojin a wuce, ƙalilan ne ke haɗuwa, kuma waɗanda suka haɗu tare da sauran suke fitowa ta hanya ɗaya. Sai maganaɗisu da lantarki su yi ta karkatar da su har a yar da waɗanda ba su haɗu ba, sabuwar cibiyar ta isa ƙarshe ita kaɗai ta faɗa wa na'urar ƙirga. Ba a karɓar ta sai in lokacinta ya dace da wata walƙiyar gama da aka gani a mafari, wato shaidu biyu ke nan. Da ita aka auna haɗuwar sodiyam-21 da firoton a 2003, alhali rabin ransa daƙiƙa 22 ne kacal. Akwai kuma wata dabara da ta fi burge ni, inda ake cika akwati da iskar hiliyam, iskar ta zama ita ce abin harbi ita ce kuma mai ba da labari. Duk ƙwayar da ta ratsa takan bar sawun lantarki, kwamfuta ta zana sawun, sai ka ga hanya ɗaya ta shigo ta rabu biyu daidai inda aka yi karo, kamar mafarauci yana karanta sawu a kan rairayi. A 2022 aka buɗe wata babbar cibiya mai suna FRIB a jihar Michigan don ƙera irin waɗannan cibiyoyi masu gajeren rai da yawa.

Wahala ta biyu ita ce ƙarancin abin ƙirga. Kafin tauraro ya fashe yakan yi shekaru dubbai ko miliyoyi yana ƙuna a hankali, kuma wannan ƙuna ce ke shirya abin da zai fashe. A irin wannan ƙaramin ƙarfi haɗuwa takan yi wuya ƙwarai. Tauraro bai damu ba, yana da yawa yana da lokaci. Mai awo kuwa sai ya kwana ya wuni bai samu ɗaya ba, ga kuma ruwan ƙwayoyi da ke zubo mana daga sararin sama dare da rana yana sa na'urarsa ƙarar ƙarya. Kamar mai son jin motsin kiyashi ne a tsakiyar kasuwa. Magani shi ne a gudu daga kasuwar. A Italiya akwai hanyar mota da ta huda dutsen Gran Sasso, a gefenta aka haƙa ɗakunan bincike, dutse mai kaurin mita 1,400 a bisansu, wanda ke rage wannan ruwan ƙwayoyi sau miliyan. A farkon shekarun 1990 aka shigar da wata 'yar majajjawa ciki, aka sa wa aikin suna LUNA. Da ita suka auna ɗaya daga cikin haɗuwar da ke cikin rana a daidai ƙarfin da take faruwa a can, kuma a mafi ƙanƙantar ƙarfin da suka kai abin da suke samu shi ne ƙwaya biyu a wata. Biyu, a wata guda! Ni da lilo hamsin ya gundura, na jinjina musu. A 2004 suka sake auna haɗuwar naitirojin-14 da firoton suka tarar saurinta rabin abin da littattafai ke cewa ne, abin da ya ƙara wa tsofaffin taurari kusan shekara biliyan ɗaya a lissafin shekarunsu. Ƙasar Sin ma ta bi sahu, ta kafa tata a Jinping ƙarƙashin dutse mai kaurin mita 2,400, ta fara aiki a ƙarshen 2020.

Sinadarai mafiya nauyi labarinsu daban ne, zan taɓa shi a gurguje. Ranar 17 ga Agusta 2017 aka ji girgizar karon taurarin niyutiron guda biyu daga nisan shekarar haske miliyan 130, aka kuma ga hasken tarkacensu, daga baya aka gano sinadarin sitironiyam a ciki. A irin wannan wuri, inda niyutiron ke zuba kan cibiya kamar ruwan sama, ake ƙera zinariya da yuraniyam. Wato yuraniyam ɗin da aka fara haƙowa a Arlit ta Nijar a 1971, da zinariyar da ake tonowa a Zamfara, tokar irin wannan wuta ce. Yawancin cibiyoyin da ake bi ta kansu kafin a kai can ba a taɓa ƙera su a duniya ba tukuna, shi ya sa aka gina irin su FRIB.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe. Kabon ɗin nan na Hoyle, da zarar ya samu, hiliyam na huɗu yana iya faɗa masa ya mai da shi oksijin. In wannan haɗuwa tana da sauri, kabon zai ƙare. In tana da nawa, oksijin zai yi ƙaranci. Jikin mutum kuwa kusan kashi 65 cikin ɗari na nauyinsa oksijin ne, kashi 18 kabon. Bayan haka, yawan kabon da ya rage shi ke tsara yadda tauraro mai nauyi zai ƙona sauran tokarsa, da girman baƙin ƙarfen da zai taru a cikinsa, da ko zai bar tauraron niyutiron ko baƙin rami. Da Fowler ya karɓi lambar Nobel a 1983 (Hoyle bai samu ba, abin da har yau wasu ke ganin ba a kyauta ba) ya sa wannan awo a sahun gaba na matsalolin da suka rage. Dyer da Barnes sun riga sun gwada a Kellogg a 1974, bayansu an gwada a Jamus da Kanada da Japan da wasu wurare, da kowace dabarar da na ambata a sama.

Abin da ya hana shi ne wannan. A cikin tauraro, a zafin digiri kusan miliyan 200, karon yana faruwa ne a wajen 300,000 na ma'aunin elektiron-bolt. Masu awo sun iya saukowa zuwa wajen miliyan ɗaya, daga nan abin ƙirga ya ƙafe, domin tsakanin nan da can haɗuwar tana ƙara wuya kusan sau miliyan. Sai a auna a sama a ja layi zuwa ƙasa da lissafi. Layin kuwa ba miƙaƙƙe ba ne, saboda cibiyar oksijin tana da wasu matakai biyu da ke ɓoye ƙasa kaɗan da inda awo zai iya kaiwa, kuma su ne ke da rinjaye a daidai wurin da ake bukata. Wani babban bita da aka yi a 2017, wanda ya tattara awon fiye da shekara arba'in, ya tsayar da lambar da ƙari ko ragin kusan kashi 20 cikin ɗari. Masu lissafin taurari kashi 10 suke nema.

Kada ku ce bambancin kaɗan ne. Lissafi ya nuna akwai wani nauyi wanda tauraro in ya kai shi yakan tarwatse gaba ɗaya bai bar komai ba, saboda haka bai kamata a samu baƙin rami mai nauyin rana tsakanin wajen 50 zuwa 130 daga mutuwar tauraro ɗaya ba. Ranar 21 ga Mayu 2019 sai aka ji karon baƙaƙen ramuka biyu, ɗaya nauyinsa wajen rana 85. Ko dai shi ma daga wani karo na baya ya samu, ko kuwa iyakar ba a inda aka zana ta take ba, kuma inda iyakar take ya dogara sosai a kan saurin haɗuwar kabon da hiliyam. Mutanen Jinping sun sa wannan awo cikin manyan dalilan gina na'urarsu.

Saboda haka ɗan'uwa, in mun haɗu a gindin darbejiya ka tambaye ni baƙin ƙarfe, zan ce maka kwana 77 da walƙiya 11 a Kamioka. In kuwa ka tambaye ni nawa ne kabon nawa ne oksijin a cikin tauraron da ke shirin fashewa, lambar 2017 zan ba ka, da ƙarinta da raginta, kuma ba zan gyara ta ta yi kyau ba. Ka zo da kujerarka, kuma a wannan karo a ɗauki hoton tun kafin a ci abinci.